Tambaya da Amsa: Goya jaka mai nauyi a yi tattaki, motsa jiki ne ko wahal da kai?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan magana ɗaya suka sauka, don haka na haɗa su wuri guda. Kamar kullum, abin da nake rubutawa a nan bai maye gurbin zuwa asibiti a duba mutum ido da ido ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 44, nauyina kilo 92, aikina na zama ne daga safe har magariba. Likita ya ce sugana ya fara hawa, in rage teɓa. Na gwada gudu a filin sukuwa, gwiwata ta ƙi, shi ne na koma tattaki bayan asuba. To ɗana ya nuna min a waya Turawa suna goya jaka da ƙarfe a ciki suna tafiya, wai ya fi gudu, wai yana ƙona kitse ninki uku na tafiya haka kawai. Gaskiya ne? In gaskiya ne kilo nawa zan ɗauka?
*Ma'aikacin banki, Nasarawa, Kano*

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin yana da amfani, amma maganar ninki uku ta masu tallar jaka ce.

Asalinsa daga barikin soja ya fito. Tun zamanin Rum ake sa soja ya ɗauki kayansa a bayansa, har ana kiran sojojin wani kwamanda mai suna Mariyus da alfadaransa saboda yawan kayan da suke lodawa. A sojan Amurka na yau akwai jarrabawar da ake tafiyar mil 12, wato kusan kilomita 19, da kaya wajen kilo 16, kuma dole a gama cikin awa 3. Wani tsohon sojansu, Jason McCarthy, ya kafa kamfanin GORUCK a 2008 yana sayar da irin wannan jaka, daga baya har da faifan ƙarfen da ake zurawa a ciki, kuma yana cikin waɗanda suka fito da abin daga bariki zuwa titi. Ka ga ke nan wanda ɗanka ya gani a waya, sau da yawa akwai abin da yake son sayar maka.

Mu yi lissafi da jikinka. Mutum mai kilo 92 da ya yi tattakin kilomita 5 a shimfiɗaɗɗen titi yana ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke kashewa, wajen 300 zuwa 350. Masu binciken sojan Amurka sun daɗe suna auna abin da kaya ke ƙarawa, tun lissafin da wani masani mai suna Pandolf da abokan aikinsa suka fitar a 1977, kuma in kayan ba su yi yawa ba, ƙarin yana tafiya ne kusan daidai da nauyin. Ka goya kashi ɗaya cikin goma na nauyinka, kilo 9 ke nan, ƙarfin da za ka kashe ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma, ko sama da haka kaɗan. Wato kalori 30 zuwa 40. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana da wajen 140. Sai ka yi safiya huɗu kana goyon kilo 9 kafin ribar jakar ta biya kwalba ɗaya da ka kora da ita a ofis. Wanda zai ninka abin sau uku sai ya loda kaya irin na soja ya hau tudu da sauri, kuma wannan ba naka ba ne.

To ina amfanin? Yana wajen zuciya da tsoka. Tattaki in jiki ya saba da shi yakan zama yawo, mutum ya yi awa guda ko gumi bai yi ba, yana hira yana amsa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kuma matsakaicin nan yana nufin numfashinka ya ɗaga, ka iya magana amma ba ka iya rera karatu ba. Jaka tana kai mutum wannan matsayin ba tare da dukan da gudu ke yi wa gaɓɓai ba. A gudu, duk taku ƙasa tana mayar wa ƙafa nauyin jiki ninki biyu zuwa uku, domin akwai lokacin da ƙafa biyu duk suna sama. A tafiya ƙafa ɗaya tana ƙasa kullum, abin da ke dawowa bai fi nauyin jiki da yawa ba. Sannan cinya da ɗuwawu da tsokar gadon baya suna aiki fiye da da, kuma tsokar da ke aiki ita ce ke janye suga daga jini. Wannan ya shafe ka kai tsaye.

Amma da a gabana kake a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, ba zan ba ka jaka yanzu ba. Gwiwarka ta riga ta yi magana. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 kan masu ƙiba da ciwon gwiwa ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin da ke sauka kan gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. Gwiwa ba ta san bambanci tsakanin kilon teɓa da kilon jaka ba. Saboda haka fara ƙara sauri, ba kaya ba. Ka kai kana cinye kilomita 5 cikin minti 50 zuwa 55, wata guda cur gwiwar ba ta kumbura ba, ba ta hana ka durƙusawa a salla ba. Bayan nan ka nemi tudu, ko da gadar sama ta masu tafiya a ƙafa ce ka hau ka sauka. Sai a mataki na uku jaka ta shigo.

In lokacin ya yi, kada ka sayi komai. Jakar goyo ta makaranta mai kaurin igiya ta isa, da ledar fiya wata. Kowace leda rabin kilo ce, takwas kilo 4 ke nan, kuma da haka za ka fara. Ka cusa tsohon tawul a gindin jakar don nauyin ya hau sama tsakanin kafaɗunka ya manne da baya, kada ya riƙa lilo a kan ƙugu. Igiya biyu za ka rataya, ka ja su su matse, in akwai ta ɗaurawa a ciki ka ɗaura. Sau biyu ko uku a mako, ba kullum ba, sauran ranakun ka tafi hannu rabbana. Duk sati biyu ka ƙara leda biyu. Kilo 9 ko 10 shi ne iyakarka, babu ladan da za ka samu sama da nan wanda ya kai haɗarinsa. In ka ga ka fara sunkuyawa kana turo wuya gaba, kaya sun yi yawa. Kuma kada ka yi gudu da ita.

Ruwa ya fi yashi da bulo saboda dalili biyu. In ka gaji a hanya sai ka sha wasu ka bayar da wasu, ka dawo gida da sauƙi. Na biyun kuwa, a garuruwanmu mutum da ƙatuwar jaka a baya cikin duhun asuba abin kallo ne, kuma ba za a zargi 'yan sintiri ba in sun tare ka, kowa ya san abin da aka gani a shekarun baya. Ka zuge zif su ga fiya wata, a yi dariya a rabu. Gara ma ka bari gari ya ɗan waye.

TAMBAYA: Malam, ni dai ban yarda ba. In da ɗaukar kaya lafiya ne, da 'yan dakon Dawanau sun fi kowa lafiya. Mahaifina garuwa ya yi shekara da shekaru, yau ko miƙewa sosai ba ya iya yi. Yanzu kuma a ce masu kuɗi su sayi jaka su riƙa kwaikwayon wahalar talaka?
*Malamin firamare, Bichi*

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Malam, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ita ce rabin da masu tallar ba sa faɗa.

Dubi abin da ɗan garuwa ke ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Garwa biyu a sanda sun kusa kilo 40, a kan kafaɗa ɗaya, sawu bayan sawu, daga hantsi har la'asar. Ɗan dako a kasuwar hatsi yana saɓa buhu mai kilo 100, wanda sau da yawa ya fi shi kansa nauyi nesa ba kusa ba, ya hau katako da shi zuwa cikin tirela. Ba shi da ranar hutu, don ranar da ya huta babu cefane. In bayansa ya riƙe ba zai ajiye ba, sai ya sha maganin kashe ciwo ya koma. Wanda na ba shawara a sama kilo 4 zai ɗauka, na ƙasa da awa guda, ya huta washegari, ya kuma ajiye duk lokacin da jiki ya ce a'a. Tsoka da ƙashi ba lokacin aiki suke ƙara ƙwari ba, lokacin hutun da ya biyo baya ne jiki ke gyara ɗan lahanin da aikin ya yi ya kuma ƙara a kai. Inda babu hutu, lahanin ne kawai ke taruwa.

Likitoci sun lura da wannan. A Danmak an bibiyi mutum sama da 100,000 a birnin Kofanhegan, sakamakon ya fito a 2021: motsa jikin da mutum ke yi don kansa yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, amma aikin ƙarfi na neman abinci bai ba da wannan kariyar ba, har ma an ga akasin haka. Dalilan da ake kawowa su ne waɗanda ka gani a gidanku: awoyi masu yawa, zuciya da jini suna sama duk yini, ɗaga nauyi a tsaye wuri ɗaya, da rashin hutu.

Su kansu sojojin da aka aro abin a wurinsu ba su tsira ba. Tun 1855 wani likitan sojan Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, ya bayyana kumburi da ciwon ƙafa da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya, wanda daga baya aka gane tsagewar siraran ƙasusuwan tafin ƙafa ce. Akwai kuma mutuwar hannu da igiyar jaka ke jawowa in ta danne jijiyoyin da suka bi ta tsakanin wuya da kafaɗa. Soja yana ɗaukar kaya ne don dole ya isa da harsashi da abinci inda mota ba ta zuwa, ba don lafiyarsa ba.

Wani zai ce to matanmu na karkara da tulu a ka fa? A 1986 an auna matan ƙabilun Luwo da Kikuyu a Kenya, aka ga suna iya ɗaukar kaya har kashi 20 cikin 100 na nauyinsu a ka ba tare da ƙarfin da suke kashewa ya ƙaru ba. Abin ya ba masana mamaki, ko da yake wani awon da aka yi daga baya a Afirka ta Kudu bai sami haka a wajen yawancin matan ba. Ko ma mene ne, gwaninta ce ta wadda ta fara naɗa gammo tun tana yarinya, kuma ita ma wuya ne ke biya in an tsufa. Muna ganinsu a asibiti. Don haka ba na ba kowa shawarar ya ɗora nauyi a ka da sunan motsa jiki.

Maganar kwaikwayon talaka kuwa, na bar maka ita. Ni dai na san mai aikin ƙarfi ba ya buƙatar jaka, hutu yake buƙata da miƙe gaɓɓai. Ka kai Baba sashen gashin ƙashi a duba shi, akwai atisayen kwance da ke rage irin wannan riƙewar ko da ta daɗe.

TAMBAYA: Malam, shekarata 58, na biya kujerar Hajji, in sha Allahu bana za mu tafi. Na daina al'ada tuntuni, kuma 'yata ta ce in sayi wata riga mai nauyi in riƙa tafiya da ita, wai tana ƙarfafa ƙashi. Ina da hawan jini amma ina shan magani.
*Wata Hajiya mai jiran gado, Tudun Wada, Zariya*

AMSA: Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Hajiya, ya karɓi ibada. A sa mu a addu'a.

Batun ƙashi tukuna. Gaskiya ne bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin zaizayewa, kuma gaskiya ne ƙashi yana son a ɗora masa aiki. Amma hujjar rigar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, na jihar Oregon ta Amurka a 2000, mata ƙalilan ne a ciki, kuma ba tafiya kawai suka yi da rigar ba, har da tsalle-tsalle, tsawon shekara 5. Wani da ya fi shi girma da aka fitar a 2025, kan tsofaffi masu ƙiba da ke rage nauyi, bai ga rigar ta hana ƙashin ƙugu raguwa ba. Ki riƙe kuɗinki. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, sau goma, a huta, a sake, da hawa matakala, sun fi mini ita, kuma su ne ke hana faɗuwa, wadda ita ce ke karya ƙugun tsoho.

Shirin Hajji kuwa, nan jaka take da gurbi sosai. Sa'ayi kaɗai, Safa da Marwa sau bakwai, ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ki hawa na sama zagayen yana ƙara tsawo ƙwarai. Daga tantunan Mina zuwa wajen jifa a dawo, alhazanmu da yawa suna yin kilomitoci a ƙafa, kwana uku a jere. A duk wannan akwai 'yar jaka a jikinki: ruwa, magani, dadduma, lema, takalmi. Kilo 2 ko 3 ne, amma ga wadda ba ta saba ba, bayan awa biyu sai ta ji kamar dutse. Don haka ki yi atisaye da ainihin jakar da za ki tafi da ita, da abin da za ki zuba a ciki, da kuma takalmin da za ki sa, don sabon takalmi a Makka bororo ne. Ki fara da minti 20 a cikin unguwa, ki riƙa ƙarawa har ki iya awa ɗaya da rabi ba tare da kin kwanta washegari ba. Jakar goyo mai igiya biyu ta fi ta ratayawa a kafaɗa ɗaya.

Hawan jinin da aka shawo kansa da magani ba ya hana wannan, amma ki sa a auna kafin ki fara, ki kuma faɗa wa likitanki, musamman in maganinki mai sa fitsari ne. Zafi shi ne babban abin tsoro. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce sama da mutum 1,300 suka rasu, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka. Kada ki ce za ki saba da shi ta hanyar fita da tsakar rana a nan gida. Safe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a hannu.

TAMBAYA: Ina goya ɗana mai shekara ɗaya ina kai yayyensa makaranta a ƙafa kullum. Wannan ya shiga lissafi?
*Uwar yara uku, Maraɗi*

AMSA: Ya shiga, 'yar'uwa, har da riba. Ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, daidai abin da na ce wa Alhajin banki ya kai bayan watanni, kuma ke ma a hankali kika kai nan, don nauyin yana ƙaruwa ne yadda yaron ke girma. Ki ɗaure shi sama da majanyi mai kyau, kada ya zazzago kan ƙugu, ki ɗaga ƙafa har numfashi ya ɗan tashi. Kada ki ƙara wani kaya a kai. In kina jin fitsari na zubowa in kin yi tari ko kin ɗauke shi, ko wani abu kamar yana danno ƙasan mara, wannan ba abin kunya ba ne kuma yana da magani, ki je asibiti.

TAMBAYA: Malam, ina son shiga soja, ina shirin Depo ta Zariya. Na fara cika jaka da bulo biyu ina gudu da ita da safe. Kwanan nan yatsun hannuna na dama suna sagewa, saman ƙafata kuma yana ciwo in na taka. In ci gaba jiki zai saba?
*Wani matashi, Gusau*

AMSA: Ajiye ta yau, ƙanena. Duk abubuwa biyun da na ambata a amsar Malamin Bichi ka kwatanta: igiya ta danne jijiyar hannu, ƙafar kuma ina tsoron tsagewar ƙashi ce. Wannan ba irin ciwon da ake takawa ya wuce ba ne, kuma wanda ya je tantancewa yana ɗingishi gida ake mayar da shi. Ka je a duba ƙafar. Hoton farko yakan fito ba komai a makonnin farko ko da tsagewar tana nan, don haka in likita ya ce ka huta ka sake dawowa, ka bi maganarsa. Irin wannan tsagewa takan ɗauki sati shida zuwa takwas kafin ta haɗe. Sagewar hannun in ba ta tafi cikin 'yan kwanaki da ajiye jakar ba, ko ka ga hannun ya rage ƙarfi, ita ma a nuna ta.

In ka warke, raba su: gudu daban ba kaya, tafiya da kaya daban ba gudu, sau ɗaya ko biyu a mako. Fara da kilo 6, kada ka wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka kafin ka shiga, sauran su za su ɗora maka da kansu. Bulo kuma a mayar wa mai gini, gefensa yana cin baya kuma ba ya zama wuri ɗaya a jaka. Yashi a cikin leda, a naɗe da tsumma, ya fi shi.